Fasinjojin da Direba Ya Bari

Mijina direban bas ne tun kafin in san shi, kuma har Allah ya karɓi ransa ba a daina kiransa Direba ba, ko da yake ya daɗe da ajiye makulli. Ni kuwa Kwandasta yake kirana. Ban taɓa riƙe ƙofar mota ba, amma ya ce ni ce mai cewa "ta cika" a gidan in ya kwaso baƙi. Shi bai san "ta cika" ba. In ya hango mutum a bakin hanya ya ɗaga hannu, ko motar na nishi don nauyi sai ya taka birki. "A matsa, a matsa, akwai wuri." Abokan aikinsa su yi ta yi masa tsiya, shi kuma ya ce wanda ya ɗaga maka hannu ya riga ya sa rai, wuce shi abin kunya ne.

Da gwiwoyinsa suka ƙi, ya dawo zaman gida, zaman ya nemi ya kashe shi kafin ciwon. Sai 'yarmu, wadda ke aure can nesa, ta aiko masa da kwamfuta irin mai naɗewa kamar littafi. Ƙanwarsa ce ta zo ta haɗa masa. Yara ke kiranta Gwaggo, ni ma na bi bakinsu, kuma gyaran kwamfuta ne sana'arta, tana da shago. Ta ɗora ta a teburin da ke jikin tagar falo, inda keken ɗinkina yake a da, ta kafa wani ɗan akwati mai ƙifta ido a bango ta ce shi ke kawo intanet, sannan ta ɗora hannunsa a kan linzamin, ɗan abin nan da ake turawa a kan teburi. Ya juya shi dama, ya juya hagu, ya ga 'yar kibiya na yawo a allo.

"Wannan ai sitiyari ne," in ji shi. Daga ranar sunan linzamin ke nan a gidanmu.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne naɗar murya. Kullum da hantsi zai zauna, ya yi gyaran murya, ya ce, "To jikokina, a gyara zama, mota za ta tashi." Sai ya shiga ba da labaran hanya. Akwai na akuyar da ta hau saman mota ba a sani ba har aka kai ta wani gari. Akwai na matar da ta haihu a kujerar baya. Akwai na ranar gada, wanda ya fi so, kuma bai taɓa ba da shi iri ɗaya ba. Duk yana tara su a wata jaka mai ruwan ɗorawa a kusurwar allo.

Yana cikin aikinsa sai wasu ƙananan akwatuna su riƙa faɗowa a allon, wasu na walƙiya, wasu da hoton kyauta. Duk wanda ya fito, sai ya nemi maɓallin da ya fi girma ya danna.

"Me suke cewa ne?" na taɓa tambayarsa.

"Oho. Ba duka nake ganewa ba. Hannu dai suka ɗaga."

Gwaggo ta yi faɗan har ta gaji. In ta zo ta share, kafin ta sake dawowa ya tara wasu. Daga baya ma ya hana ta taɓawa, wai tana sauke masa fasinjoji a daji.

Da ya rasu, ban taɓa komai a teburin nan ba. Tabaransa na gefe, kofinsa na gefe. Kwamfutar ma a kunne na bar ta, don shi ba ya kashe ta, yana cewa injin da ke da ɗumi ba ya ba da wahala. Karatuna bai yi nisa ba, nakan haɗa baƙi a hankali in an ba ni lokaci. Abu ɗaya na iya a na'urar nan, shi ya koya mini: in kai kibiya kan jakar, in danna, in zaɓi labari. In na gama shara da wanke-wanke sai in zauna a kujerarsa, ya ce a gyara zama, ni kuma in gyara.

Wata safiya ina goge ƙura a jikin taga, sai na ga kibiyar na tafiya.

Na dubi sitiyarin. Yana nan inda na bar shi, ba kowa kusa. Kibiyar ta gangara ƙasa, ta tsaya, ta buɗe wani abu mai rubutu da yawa, ta rufe, ta buɗe wani. Na tsaya da tsumma a hannu kamar an dasa ni.

Ban ce Direba ne ba. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa ya yi wasa da na'ura. Kuma ko da na so in ruɗi kaina, tafiyar ba tasa ba ce. Direba hannunsa na rawa, kibiyarsa takan yi kwana-kwana kafin ta isa inda za ta, yakan wuce wurin ma ya dawo da baya. Wannan kuwa kai tsaye take zuwa, cak, kamar wanda ya san gidan. Tsoro bai zo mini ba. Son in gani ne ya zo. Na jawo kujera na zauna.

Can sai ɗan farin haske ya kunnu a saman allon, kusa da wani ɗan rami. Na san hasken, shi ke kamawa in muna magana da 'yarmu tana ganinmu. Ashe ido ne ya buɗe. Abin da na fara yi, in na tuna har yanzu sai in yi dariya: ɗankwalina na gyara. Sannan na yi sallama.

Ba a amsa ba. Hasken ya mutu, kibiyar ta tsaya.

Daga nan na fara gadin mai jan kibiyar kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai. Ba kullum yake zuwa ba. In zai zo, da hantsi ne, wani lokaci bayan azahar. Yana son wuraren da sunayen mutane suke. Hotuna ba su dame shi ba, yakan wuce su da gudu. Jakar labarai sau ɗaya na ga ya leƙa ya fita. Wata rana na ce bari in gwada shi. Yana tafiya dama, na kama sitiyarin na ja hagu. Kibiyar ta yi tsam. Ta sake yin dama, na sake ja. Muka yi ta ja-in-ja kamar yara a kan zani, har na ji kaina ina cewa, "Kai, saki mana!" Ya saki. Ranar ce na fara dariya tun rasuwar.

Ban gaya wa kowa ba. Gidan ya yi shiru da yawa, ga wani abu yana motsi a cikinsa ba ni na motsa shi ba. Kuma na san Gwaggo. Tana ji, za ta naɗe kwamfutar ta sa a hammata.

'Yarmu ce ta fara kira.

"Mama, wa ke taɓa kwamfutar Baba?"

"Me ya faru?"

"Saƙo ya shigo mini da sunansa. Ina wurin aiki na ga sunan Baba ya fito a wayata, Mama, sai da na fita waje na yi kuka. Wai ga hotunansa, in danna nan in gani."

"Kin danna?"

"Ban danna ba. Baba bai taɓa rubuta mini saƙo bai fara da tambayar yara ba. Wa ke shiga falon nan?"

"Ba mai shiga. Akwai dai wani da ke zuwa."

"Wani wa?"

"Ban san shi ba. Ta ciki yake zuwa."

Sai ta ce, a hankali kamar mai lallashin mara lafiya, "Mama, kina cin abinci kuwa?"

Na ce lafiyata ƙalau, na kwashe labarin kibiya na gaya mata. Ta ce in kira Gwaggo yanzu-yanzu. Na ce to, gobe.

Goben na gama shara na zauna, na buɗe jakar, na kai kibiya kan labarin gada. Na danna, shiru. Na sake dannawa, wani akwati ya fito da rubutu, muryar ba ta fito ba. Sai na lura hoton da ke kan labarin ya canza. Da alamar kiɗa ce a kansa, yanzu ya zama fari fat kamar takardar da ba a rubuta komai ba. Na kusa da shi ma fari. Na akuya ma fari. Ina kallo, ido biyu, na gaba ya juye ya yi fari.

A nan ne na gane. Abin nan cinye muryar yake yi, daga sama yana gangarowa.

Ban san yadda na lalubo lambar Gwaggo ba.

"Matar Yaya, yau da wace ƙafa kika tashi kika tuna da ni?"

"Gwaggo, labaran suna yin fari."

"Suna yin me?"

"Fari! Ɗaya bayan ɗaya. Kuma akwai mai motsa kibiya, ya daɗe yana zuwa."

Wasan ya fita daga muryarta. "Tashi ki je wurin akwatin bango mai ƙifta ido. Zare wayarsa daga wuta."

"Wace daga ciki?"

"Duk wadda hannunki ya kama. Zare!"

Na zare. Idanun akwatin suka mutu.

"Yanzu koma kan kwamfutar. Maɓallin da ke can sama shi kaɗai, danna ki riƙe har allon ya yi baƙi."

Na ɗora yatsa a kai na kasa dannawa. "Gwaggo, shi fa ba ya kashe ta. Yadda ya bar ta ke nan."

"Na sani. Ni ma yayana ne. In kina son ki sake jin muryarsa, danna."

Na danna na riƙe. Allon ya yi baƙi. Akwai wata 'yar ƙara da take yi kullum, siririya, kamar numfashin mai barci, ban taɓa lura da ita ba sai da ta ɗauke. Na zauna a falon nan na ji kamar yau aka fita da shi.

Na naɗe ta a tawul na sa a jakar cefane, na shiga motar haya na rungume ta a cinya. Shagon Gwaggo na cikin jerin shaguna ne, tsakanin mai yanka gilashi da mai sayar da fenti. Ban taɓa wuce bakin ƙofa ba sai ranar. Ciki matsattse ne. Matattun kwamfutoci jibge a kanta kamar farantai, wayoyi a rataye a ƙusa, ƙananan sukurori a murfin kwalba, ga warin dalma da ta ƙone. Ita kuma tabarau ɗaya a ido, ɗaya a ka.

Ba ta kunna ta ba. Ta kifa ta, ta kwance bayanta, ta zaro wani abu shafaffe da bai kai tafin hannu ba.

"Rumbun ke nan. Duk abin da Yaya ya faɗa yana nan."

"A ɗan wannan?"

"Da surutunsa duka."

Ta jona shi a wata na'ura da ta ce ba ta haɗe da waje, don kada mutumin ya biyo mu. Na matsa kusa har ina taka mata ƙafa.

"Mutum ne ashe? Ba ita ce ta haukace ba?"

"Mutum ne, da hanci da baki."

"Yana ina?"

"Allah kaɗai ya sani. Wataƙila bayan layinku, wataƙila bayan teku."

"To ta ina ya shigo? Ƙofata a kulle take."

"Ta ƙofa ya shigo, Yaya ya buɗe masa." Ta nuna mini allo cike da ƙananan hotuna. "Kin ga fasinjojinsa? Wannan talla yake kawowa. Wannan yana bin sawun duk inda aka shiga. Wannan duk baƙin da aka danna sai ya rubuta ya aika. Manhajar leƙen asiri ake ce musu. Amma ga uban tafiyar. Wannan shi ke miƙa wa baƙo sitiyari. Irinsa ba ya shiga sai an karanta wa mutum lamba. Wani ya taɓa kiran Yaya a waya kan kwamfutar nan?"

Sai na tuna. Kafin ciwon ya kwantar da shi, wani ya kira shi, suka daɗe. Wai daga kamfani yake, sun hango kwamfutar na da ciwo, zai gyara masa kyauta. Direba ya sa tabarau yana karanto masa lambobi daga allo. Da suka gama har albarka ya sa masa, ya ce mini, "Kwandasta, har yanzu akwai 'ya'yan kirki a duniya."

Gwaggo ta cire tabaran ido ta dafe goshi. "Yaya ke nan. Ɓarawo ya ɗaga hannu, ya tsaya masa, ya kuma ba shi kujerar direba."

"Me yake nema wurin tsoho? Mu me muke da shi?"

"Kalmomin sirri. Sunayen mutanenku, don ya yaudare su da sunan Yaya, kamar yadda ya gwada da 'yarku. In ya gama tatsa, sai ya kulle abin da ya rage ya ce a fansa. Kullewar ce kika gani. Kuma ko an fansa ba lalle ya buɗe ba."

"Waɗanda suka yi fari fa?"

Ba ta yi mini kwana-kwana ba. "Sun tafi, matar Yaya. Zan ajiye su ko wata rana a sami makullinsu, amma kada ki sa rai. Bari mu ga waɗanda bai kai gare su ba."

Ta kwashe su zuwa wani wuri, ta sa wani abu ya bincike su, muka zauna muna kallon wani koren layi na tsawo a hankali. Mai fenti ya leƙo neman aron tsintsiya, ta kore shi da hannu. Da layin ya cika, ta danna ɗaya.

"To jikokina, a gyara zama, mota za ta tashi."

Gwaggo ba ta ji muryar nan ba tun rasuwar. Ta juya mini baya ta shiga neman wani abu a kanta, ta daɗe tana nema, ba ta ɗauko komai ba.

Mafi yawansu sun tsira. Layin sama ne ya tafi: akuya, matar da ta haihu a mota, wani na fashewar taya, da gada.

"Gadar dai," na ce. "Duk cikinsu sai gadar."

Tana ta tone-tone a rumbun, sai ta ce, "Wannan kuma mene ne?" Wata jaka ce a ɓoye, ba Direba ya yi ta ba. Cikinta guntayen sauti ne birjik. Ta danna na ƙarshe. Aka ji ƙarar tsintsiya. Aka ji an ja kujera. Sai muryar wata mata ta yi sallama. Sai da na ɗan jima na gane ni ce.

"Ba ido kaɗai ya buɗe ba," in ji Gwaggo. "Har da kunne. Yana naɗar falon yana kwasa. Waɗannan ragowar da bai share ba ne."

Ta danna wani. Ni ce dai, ina kuka, ina yi wa Direba magana irin wadda mace ke yi in ta tabbata ita kaɗai ce a ɗaki. Gwaggo ta yi maza ta kashe. Na ji kamar an yaye labule ina wanka. Ashe duk ranakun da nake gyara ɗankwali ina wasan ja-in-ja, wani ƙato na can zaune da hawayena a kunnensa.

"In share duka?"

"Tsaya. Tun yaushe yake naɗa?"

Ta duba. "Tun Yaya na da rai."

Muka dubi juna. Ta gangara can ƙasa ta danna. Tari. Tarinsa ne, wanda yake yi in ya sha shayi da zafi. Wani guntun, rediyo ne kawai. Wani, yana kira, "Kwandasta! Ina kika kai mini tabarau?" ni kuma daga kicin ina cewa ya taɓa kansa. Ba muryar labari ba ce, wadda yake gyarawa don jikoki. Muryar gida ce.

Sai ga wani ya fara daga tsakiya.

"...ruwa ya kawo har yana lasar gadar. Na tsaya na duba, na ce kowa ya sauka."

"Bara ka ce ruwan bai kai gadar ba," in ji muryata daga nesa.

"Ke kina wurin ne?"

"Ina wurin da ka ba da shi bara."

"To ruwan ya ƙaru daga bara zuwa bana. Jikokina, kada ku kula kakarku. Na ce kowa ya sauka, suka riƙe hannun juna suka haye da ƙafa. Ni kuma na koma na kama sitiyari, na ɗora tayar gaba a kan gadar, sai na ji..."

A nan ya yanke.

Gwaggo na dariya tana share hanci. Ni ban san abin da zan yi da raina ba. Ga abin da na fi kewa, kuma a hannun wa na same shi? Na ce ta ware mini wannan, da na tabarau, da na tarin. Sauran, nawa na kuka da komai, ta share.

"Sai mu gode masa ke nan?" ta ce, da tsokana.

"Ɓarawo ba ya cin godiya don ya yar da abu a guje."

Sannan ta faɗi abin da nake gudu. Ba za ta iya bin fasinjojin nan ɗaya-ɗaya ta tabbata ba wanda ya ɓuya a ƙarƙashin kujera ba. Sai an share kwamfutar gaba ɗaya, a zuba mata komai sabo. Hoton bas ɗin da ya sa a allo, yadda ya jera abubuwansa a karkace, duk za su tafi.

"Ba yadda za a bar ta yadda ya bar ta?"

"Yadda ya bar ta, da ɓarawo a ciki ya bar ta."

Na dubi murfin sukurori. Abin da ya faɗo mini shi ne, a duk shekarun tuƙinsa, ranar gada ce kaɗai Direba ya taɓa cewa mutane su sauka. Kuma ita ce ranar da ya fi alfahari da ita.

"Sauke su," na ce.

Aikin ya ci yinin. Ta mayar da rumbun, ta share, ta zuba. Ta sa mata abin da ta kira maigadi, ta nuna mini alamarsa a ƙasan allo, ta ce in ya nemi ya sabunta kansa in bar shi, shi kaɗai da ita kwamfutar kanta. Duk wani mai walƙiya da gaggawa, in nemi ɗan gicciyen kusurwa in rufe, in na rikice in kira ta. Ta yanko filasta ta manne idon sama, ta ce in za ni magana da jikoki in ɓare. Ta zuba muryoyin a 'yan filas guda biyu, ƙananan rumbuna ne kamar yatsa, ɗaya a wurinta, ɗaya za a aika wa 'yarmu, don kada ƙwai ya sake taruwa a kwando ɗaya. Ta kuma aika wa mutanensa saƙo cewa duk abin da ya zo da sunansa kada a danna.

"Saura kalmar sirri. Mece ce tsohuwar?"

Na sunkuyar da kai. "Kwandasta."

"Kwandasta! Wadda yake ƙwala miki har mai shagon kan kwana na ji? Ai wannan ba sirri ba ce, shela ce."

Ta ce in nemi magana doguwa wadda ni kaɗai na sani, ta juya baya, na daddanna da yatsa ɗaya. Wata magana ce da ya gaya mini muna sabon aure. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Na dawo da ita teburinta. Allon fes, shuɗi, ba bas, ba tarkace, sai jakar labarai a kusurwa. Kibiyar na zaune inda na ajiye ta. Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko nakan saci kallonta ko za ta motsa. Kuma na yi ta tunanin mutumin. Yaro ne ko babba? Yana da uwa? Da ya ji tsohuwa na kuka, ya rage sauti ne ko ya ci gaba da cin abincinsa?

Wayar Direba tana nan, ina sa mata caji. Wata rana da hantsi ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Murya mai laushi, ga ladabi kamar ya durƙusa.

"Ina kwana, Mama. Maigidan na kusa? Daga kamfani ne. Mun ga kwamfutarku ta daina magana da mu, akwai matsala babba, amma yanzu za mu gyara."

Na gyara zama.

"Ɗana, kai ne mai zuwa da hantsi?"

"Na'am, Mama?"

"Mai jan kibiya. Ni ce muka yi ja-in-ja da kai. Na daɗe ina son in tambaye ka, in kana sauraron falon mutane, me kake ji a ranka?"

Ina jin hayaniyar wasu muryoyi a bayansa, kowa na gaishe da wata uwar ko wani uban.

"Mama, lamba kawai za ki karanto mini..."

"Direban ya rasu," na ce. "Kwandasta ce a ƙofa. Ta cika."

Ya kashe. Ban sami amsata ba, kuma ban san ko shi ne ko wani abokin aikinsa ba. Na kira Gwaggo na gaya mata, ta yi dariya har tana tari, ta ce in toshe lambar, ta koya mini yadda ake yi.

Da ta zo duba ni a ƙarshen mako, na ce ta nuna mini jan maɓallin da yake dannawa in zai naɗi murya. Bayan ta tafi na kunna guntun gada, na saurare shi har inda tayar gaba ta hau, ya yanke. Na danna jan maɓallin. Na yi gyaran murya, abin ya ba ni kunya ni kaɗai a ɗaki.

"Jikokina, kakarku ce. Kakanku ya tsaya a kan gada, ni zan haye da ku. Abin da ya ji, gadar ce ke rawa a ƙarƙashinsa. Ya lallaɓa motar ba kowa a ciki, mutane na can tsallake suna salati, yana hayewa gefen gadar ya zube a ruwa. Shi zai ce muku bai ji tsoro ba. To ni na ba shi ruwa da ya dawo gida, kuma rabin kofin a rigarsa ya ƙare."